Koren da na shafa wa fayil ɗin Maradun

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Ina gaishe ku, ya gida, ya iyali, ya haƙuri da rayuwa. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin kowa ya zage ni, ina roƙon ya daure ya karanta har ƙarshe, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina shi, har da wanda bakinku ba zai iya ba.

Har yanzu warin ƙonanniyar roba bai bar hancina ba. Wata ranar Talata ce, hayaniyar kasuwa tana shigowa ta tagar ofishinmu, kukan awaki da hon ɗin 'yan kabu-kabu, aka shigo da kwamfutar asibitinmu na Maradun a cikin buhun shinkafa aka dire a gaban teburina. Tun kafin a kwance bakin buhun na san abin da na shuka ne ya biyo ni har ofis.

Bari in koma baya don ku gane. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta da ke da ƙananan asibitoci na mata da yara, ɗaya nan Talata Mafara, ɗaya Bakura, ɗaya Maradun. Ilimin kwamfuta na karanta, kuma ni ce ke kula da babbar na'urar da ke ajiye bayanan marasa lafiya, wadda muke kira saba. Kullum in an tashi aiki, kwamfutar kowane asibiti takan tattara duk abin da ke cikinta, awon masu ciki, rukunin jini, allurar da aka yi wa yaro da wadda ta rage masa, ta dunƙule a fayil ɗaya ta turo wa saba, don ko wani abu ya sami kwamfutar can, akwai kwafi a nan. Akwai kuma wata manhaja da na girka da hannuna, ita ce mai gadin waɗannan fayiloli. Tambaya biyu kawai take yi wa kowanne: yaushe rabon da a sabunta ka, kuma mene ne girmanka? In fayil ya kwana ya wuni ba a sabunta shi ba, ko ya zo fayau kamar buhun da aka zazzage, sai ta nuna ja a allo ta tura gargaɗi zuwa wayata da ta shugabarmu, Hajiya. In komai lafiya, sai kore. Ina son koren nan, Anti. Ni mutum ce mai yawan zama shiru da tunani, ina ɗan rubuta waƙoƙin da ba na nuna wa kowa, kuma in na shigo da safe na ga layukan nan sun yi kore shar, sai su tuna mini da fadamun shinkafa na bakin kanal idan iska ta bi ta kansu.

Mai shigar da bayanai a Maradun dattijo ne, tsohon malamin firamare da ya koyi kwamfuta da girmansa. Da yatsa biyu yake danna madannai, amma bai taɓa barin aikin yau ya kai gobe ba. Da can muna waya da shi sosai, yana ce mini Malama Ƙarama, yana tsokanata wai mutanen Mafara ba su iya dama fura ba. To sai Allah ya haɗa ni da ɗansa, bari in kira shi Mahmud, ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a kara, kasuwar shanu. Daga ranar da manyansa suka kawo gaisuwa gidanmu, Malam ya zama Baba, bakina kuma ya rufe. Kun dai san yadda muke. Ba na haɗa ido da shi, ba na ambaton sunansa, ko muryarsa na jiyo a wayar wani sai harshena ya yi nauyi. Shi ma ya ja jikinsa. In yana da saƙo sai ya bi ta wajen Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke shugabantar asibitin can.

Ana haka sai layin Maradun ya fara nuna ja. Na bi abin daki-daki kamar yadda aka koya mana. Fayil ɗin yana inda ya kamata? Yana nan. Manhajar tana da izinin karanta shi? Tana da shi. Ko ni ce na rikita ma'auni, na sa daƙiƙa a inda ake son minti? Na duba, daidai yake, kuma a kan wannan ma'aunin Bakura take ba ta taɓa kuka ba. Agogon saba lafiyarsa ƙalau. Girman fayil ɗin ma yana ƙaruwa kullum, alamar sabon aiki yana shigowa. Sai da na tsura wa kwanan watan da ke jikin fayil ɗin kansa ido sannan na gane: fayil ɗin da aka haifa jiya yana zuwa da shekarun da suka girmi ƙungiyarmu. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir kamar kwabo, shi ke riƙe mata lokaci idan an kashe ta. Na Maradun ya mutu. Duk sanda sola ta gaza aka sake kunnawa, sai kwamfutar ta farka a wata tsohuwar shekara, ta buga wannan kwanan wata a jikin sabon fayil, manhajata kuma ta ga tsoho tukuf ta kama ihu.

Maganin ba wani abu ba ne. A canza batirin, kafin nan kuma Baba ya riƙa gyara agogon kwamfutar da hannu kowace safiya. Waya ɗaya ta isa. Na ɗauki wayar, na nemo lambarsa, na zauna ina kallonta har fuskar wayar ta yi duhu. Ta yaya zan ce wa mahaifin wanda zan aura, danna nan, a'a Baba, ba nan ba, koma baya? In kuma na bi ta wajen Sista, ita da bakinta ba ya riƙe ruwa, kafin la'asar duk asibitin ya ji cewa amarya ta fara koyar da suruki tun ba ta shigo ba. Da yamma Mahmud ya zo zance, na roƙe shi ya kai saƙon.

"Wato ni in tahi in ce ma Baba bai iya duba agogo ba?" ya ce yana dariya. "Mutumin da ya tsufa yana kaɗa ƙararrawar makaranta? Amarya, ashe ba ki son a yi bikin nan ina da rai."

"Ba agogon hannu nake nufi ba, na cikin kwamfuta."

"To ki hwaɗa mishi da kanki mana, ba ke ce injiniya ba? Ni shanu na sani. Ranar da kwamfutar ta daina tuƙa ki kira ni."

Na yi dariya, muka shiga wata hirar, maganar ta bi iska.

Wayar Hajiya kuwa ba ta daina ƙara ba. Wata safiya ta tsaya a bakin ƙofata da wayar a hannu.

"Wai mi ke damun Maradun ne? Kullum ja, kullum ja. Ki yi haƙuri, na san surukinki ne, amma ni dama na ce aikin nan ya hi ƙarhin Malam. Ga yara nan masu difloma suna yawo ba aiki."

Na ce mata ba shi ba ne, matsalar na'ura ce, sai na je can zan gyara. Ta ce motarmu ba ta bin hanyar Maradun yanzu saboda rashin tsaro, sai abubuwa sun lafa, in san yadda zan yi daga nan, in kuma wata ya ƙare ba ta ga gyara ba za ta kai maganar gaba. Anti, a nan ne na yi abin da ya kawo ni wajenku. Na rubuta layi ɗaya tak, umarnin da zai sa saba ta shafi fayil ɗin Maradun kowace safiya ta buga masa kwanan watan ranar. Na san yadda ya kamata a yi. Kamata ya yi a buga sabon kwanan wata sai idan sabon fayil ya iso da gaske, amma wannan yana son ƙarin aiki da gwaji, ni kuwa so nake wayar Hajiya ta yi shiru kafin azahar. Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne, ina rufa wa dattijo asiri ne, ai Allah ma yana son mai rufa asiri. Wato na ɗauki mai gadi na ɗaure masa ido, sannan na koma ina tambayarsa ko ya ga ɓarawo.

Washegari Maradun ta yi kore. Hajiya ta ce Allah ya yi mini albarka. Hanya ta lafa, mota ta ci gaba da zuwa, ni ban bi ta ba. Kullum sai in ce mako mai zuwa, domin in na tuna zan shiga ɗakin aikinsa in durƙusa in gaishe shi, sannan in tashe shi daga kujerarsa in kwance masa kwamfuta yana tsaye, sai in fasa. Ga hidimar biki ta taso, zaɓen atamfa da lissafin ƙawaye. A cikin wannan tsakanin ne muka sabunta saba aka ƙara mata tsaro, ta daina karɓar komai daga kwamfutar da agogonta ya yi nisa da gaskiya. Daga ranar, ko ƙwayar bayani ɗaya ba ta sake isowa daga Maradun ba. Tsohon fayil ne kwance, layina yana shafa masa hoda kowace safiya.

Da zan iya cewa ban sani ba, da na sami abin riƙewa. Amma na gani. Manhajar ba ta tambayar ko girman fayil ya canza, tambayarta kawai ko ya kai ƙa'ida, tsohon fayil kuwa cike yake, don haka kore. Sai dai lambar girman tana nan a gefe, duk mai ido zai gani. Na Bakura yana ƙaruwa kullum kamar jaririn da ke samun nono, na Maradun ya tsaya cak a lamba ɗaya. Na ce wa kaina ai damina ce, mata suna gona, ba sa zuwa awo. Wace irin damina ce za ta hana ko mace ɗaya ciwon kai? Ko mutum ɗaya aka duba, dole lambar ta motsa, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Zuciyata ta ce bincika, na ce gobe. Me nake tsoro? Ina tsoron in tono in tarar sai na cire layin nan, ja ya dawo, Hajiya ta dawo bakin ƙofata, ni kuma in koma gaban wayar da na kasa bugawa. Sai na daina kallon gefen da lambar take.

Can wajen ƙarshen damina tsawa ta faɗi kusa da asibitin, inbata, na'urar da ke ba su wutar sola, ya kama da wuta, ya tafi da kwamfutar. Sista ce ta rako ta a buhu ranar Talatar nan.

"Ga gawa mun kawo, a yi mata sutura," ta ce tana fifita da gyalenta. "Amma Malam ya ce kar mu damu, komi na wajenki."

Na buɗe fayil ɗin Maradun da ke cikin saba. Bayani na ƙarshe a cikinsa tun kafin ruwan farko aka shigar da shi. Aikin damina guda babu shi. Washegari na riga kowa zuwa ofis, ga ƙonanniyar kwamfutar a ƙarƙashin teburina tana wari, na kunna allo, sai ga Maradun kore shar, wai fayil ya iso lafiya daga na'urar da ke kwance a buhu. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro kamar koren nan ba. Na goge layin, na cire Maradun daga jerin kafin Hajiya ta iso. A duk ƙungiyar babu mai iya leƙa cikin saba sai ni.

Abin da ya biyo baya Sista ce ta sha shi. Mata suna zuwa daga Faru da ƙauyukan bayanta a kan babur, wata katinta ya jiƙe, wata ta baro shi a gidan da ta gudo daga ciki, a tambaye ta allura nawa aka yi wa yaron ta ce ai ku kuka rubuta. Aka sake tsaga yatsun masu ciki ana neman rukunin jinin da aka riga aka sani. Masu tallafa mana suka ce sai an faɗa musu wanda ya yi sakaci. Aka kira taro. Baba yana can ƙarshen tebur da farar riga, idonsa a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa. Hajiya ta tambaye ni a gaban kowa ko manhajar ta taɓa nuna matsala tun bayan gyaran da na yi. Na ce a'a, kore take nunawa. Kowace kalma gaskiya ce, kuma ban taɓa yin ƙarya mai girmanta ba. Hajiya ta ce to magana ta fito: fayil yana isowa kullum, amma tsohon abu ne a ciki, wato Malam ba ya shigar da aiki, abu ɗaya yake ta turowa. Ta juya wajensa.

"Malam, kwamfutarka ta taɓa nuna maka wani saƙo, cewa abu bai tahi ba?"

Baba ya ce, "Ban lura ba, Hajiya. Ido ya tsuhwa. In na'ura ta ce ni ne, to ni ne."

Aka dakatar da shi. Ina zaune, bakina yana nan a fuskata, ban buɗe shi ba.

Tun daga lokacin har aka yi girbi aka kai amfanin gona gida, maganar tana rataye. A Maradun ana cewa Malam barci yake zuwa yi a ofis, mutumin da rabin magidantan unguwarsu a hannunsa suka koyi rubuta sunansu. Mahmud ya ce ya daina fita majalisa bayan la'asar, daga masallaci sai ɗaki. Shi Mahmud ɗin duk fushinsa a kan Hajiya yake. Rannan har ce mini ya yi, "A ohishin nan naku ke kaɗai ce mai tsoron Allah." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gwada faɗa wa Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama zancen fayil da agogo, sannan ta ce, "Kin kashe wani? Kin ɗauki na wani? To ki yi istigfari ki kama bakinki. Gidan nan hwa shi za ki shiga." Na yi istigfarin, Anti. Amma istigfari yana wanke haƙƙin mutumin da ke zaune a ɗaki saboda ni? Ko waƙa na zauna rubutawa yanzu, sai in ga babu kalmar da ta yarda da ni.

Yanzu an sa ranar da manyan ƙungiya za su zauna su yanke ko a sallame shi da shaidar sakaci a bayansa. Hajiya ta ce in rubuta bayanin abin da ya faru ta ɓangaren na'ura, tunda ni kaɗai na san kanta. Duk abin da na rubuta, shi za a ɗauka. Na riga na fara lallashin kaina cewa zan rubuta abin da ba zai kama kowa ba, in ce tsawa ce, ƙaddara ce, wataƙila su tausaya masa. Sai makon jiya Sista ta zo ɗaukar magunguna, ta zauna a ofishina tana cin gyaɗa tana kallona.

"Amarya, kin rame. Tun ba a kai ki ba?"

Na ce aiki ne. Ta kakkaɓe zaninta, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ni dai abin nan ya ishe ni riƙo. Kin san duk daminar nan, kullum da yamma jan rubutu na hitowa a kwamfutar Malam, wai saƙo bai tahi ba? Shi ya nuna mini da yatsanshi."

Na ce ai a taro ya ce bai lura ba.

"Ke dai Allah ya shirye ki. To don mi kike zaton nike kiranki ina cewa, ya Maradun take a wajenku? Kina ce mini kore, lahiya lau."

Wallahi na tuna kiran nan. Na ɗauka gaisuwa ce irin ta Sista.

"Shi ke sa ni," ta ce. "In na ce ya kira ki da kanshi, sai ya ce ina shi ina kiran ɗiyarshi a waya. In na ce mu hwaɗa ma Hajiya, sai ya ce tunda kin ce kore, kin hi shi sani, kuma in anka ji aikinki na da tangarɗa ana gab da biki, mi dangi za su ce? Ranar taron nan, kahin mu shiga, ya ja ni gehe ya sa na rantse."

Na ce, "To ga shi kin karya."

"Rantsuwa na yi ba ni hwaɗa ma Hajiya. Ke Hajiya ce?"

Ta ɗauki kwalinta ta tafi ta bar ni a nan.

Ashe ya sani. Bai san layin da na rubuta ba, amma ya san ja yake gani a can ina cewa kore a nan, ya san ba daga wajensa ɓarakar take ba, ya zauna a gaban mutane ya ɗora wa idonsa laifi. Yanzu in na rubuta gaskiya, na wanke shi daga sakaci, amma na nuna wa duniya cewa dattijon ya yi ƙarya a gaban taro, na kuma yaye mayafin da ya cire daga jikinsa ya lulluɓa mini. Ban san ko zai ji daɗi ko zai ji na watsa masa ƙasa a ido ba, kuma ba ni da bakin da zan tambaye shi. In na yi shiru, za a sallame shi da sunan malalaci, sannan a kai ni gidansa, in riƙa durƙusawa kowace safiya ina cewa Baba ina kwana, shi ya sani, ni na sani, ɗansa yana tsakaninmu bai san komai ba. Aikin ba ya gabana, su karɓe abinsu. Mahmud nake tsoro, da ranar da zai kalle ni ya tuna abin da ya ce game da tsoron Allah. Fiye da shi kuma ina tsoron Baba ya ƙare rayuwarsa a ɗaki da sunan da ba nasa ba.

Ranar Litinin Hajiya take jiran bayanin, har yanzu ko bisimilla ban rubuta ba. Don girman Allah ku ba ni shawara kamar ƙanwarku ce ko ɗiyarku. In fara da Hajiya, ko da Mahmud, ko in cire kunyar nan in hau mota in je in durƙusa a gabansa? Me zan yi?